Tambaya da Amsa: Haɗa Allo Mai Taya da Tsohon Takalmin Gwanjo

Saƙonnin da suka iso wannan shafi daga unguwannin Legas, tun daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 har Alaba Rago, da yawansu a kan abu ɗaya suke, wato allon nan mai taya huɗu da yara ke hawa suna tunkuɗawa da ƙafa, da yadda za a haɗa shi a gida ba sai an sayi na kanti ba. Kafinta da makanikin da ke taimaka wa shafin ne suka haɗu suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon takalmi mai taya huɗu a kasuwar gwanjo ta Katangowa. Fatar ta mutu, amma ƙarfen ƙasa da tayoyin suna nan garau. Yarona ɗan shekara 11 ya dame ni da maganar allo mai taya, sabon kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfina. Wai gaskiya ne ana iya haɗa shi da wannan takalmin? Daga wani mahaifi a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, kuma da haka aka faro abin tun asali. A shekarun 1950 matasan bakin teku a Kalifoniya ta Amurka ne suka riƙa raba takalmi mai taya gida biyu suna kafawa a ƙasan katako, sai a 1959 kamfanin Roller Derby ya fara fitar da na sayarwa, shi ma da tayoyin ƙarfe. Ƙafa ɗaya ta takalmin tana ba da allo ɗaya, ke nan kayan allo biyu ka sayo. In ɗaya kake so, adana ɗaya ƙafar don kayan gyara.

Kafin ka ɗauki zarto, kifa takalmin ka duba ƙasansa da kyau. Za ka ga doguwar faranti ta alminiyam ko ta roba mai tauri ɗaure da tafin takalmin. A gaba da baya akwai ƙarfe biyu, kowanne yana riƙe da sandar da tayoyi biyu ke juyawa a kanta. Kowane ƙarfe yana zaune a tsakanin robobi biyu masu kauri da wani babban bol ya ratsa, sannan yana da ɗan hanci da ke shiga rami a jikin farantin. Wannan haɗin shi ne sitiyarin: in mahayi ya karkata, robar ta matse ta gefe ɗaya, sandar ta juya, allon ya sha kwana. Tun 1863 James Plimpton ya fito da wannan dabara a Amurka, kuma har yau a kanta ake tafiya. Abu uku ne in ka ga ɗaya daga cikinsu ka haƙura da takalmin: tsagewa a farantin kusa da babban bol ɗin, sandar taya da ta lanƙwashe, ko zaren bakin sandar da ya cinye har noti ba ya kamawa. Duk abin da ba waɗannan ba yana gyaruwa.

Kwance notocin da suka haɗa farantin da takalmin. In da ƙusar da ake buge kanta aka dasa shi, huda kan ƙusar da injin huda sai ta zube. Cire robar birkin da ke gaba, ba ta da aiki a nan. Sai ka ɗauki fenti ko maka ka ja kibiya mai nuna gaba a kan kowane rabi tun ba ka yanka ba, domin a nan mafi yawan mutane ke ɓata aikinsu. Dole rabin gaba ya zauna a gaba, na baya a baya, kowanne yana fuskantar inda yake fuskanta tun yana jikin takalmi, wato manyan bol ɗin nan biyu suna kallon juna ta tsakiyar allon. Yanka farantin a tsakiya da zarton ƙarfe, ka goge kaifin da magagari. Kowane rabi yana son huda huɗu, in wuri ya ƙi, uku. Ƙara hudar da ta rage da baki mai milimita 5, ka bar aƙalla milimita 7 tsakanin huda da gefen faranti, in ba haka ba wurin zai tsage. Idan kuwa irin tsohon nan ne na ƙarfe zalla da ake ɗaurawa a kan takalmi ana ƙara masa tsawo, ba ya buƙatar yanka, noti ɗaya ne a tsakiyarsa, kana kwance shi zai rabu biyu.

Sai katako. Mafi dacewa shi ne filawud mai jure ruwa, irin na masu haɗa jirgin ruwa, mai kaurin milimita 12 zuwa 15 ga yaro kamar naka, 18 ga babba. Ba sai ka sayi faifai guda ba, ragowar yanka a shagon kafinta ta isa. Duba gefensa ka ƙirga falle nawa aka manna, wanda ya fi yawan falle kuma babu rami a tsakaninsu shi ya fi ƙwari. Falankin iroko ko na madaci da ya bushe, mai kaurin santimita 2 kuma marar kulli, shi ma yana yi, sai dai ya fi nauyi. Obeche ya cika laushi, kan bol yana nutsewa a cikinsa. Katakon garin zarto da ake matsawa a yi durowa da teburin ofis kuwa kada ka kusance shi ko kyauta aka ba ka: ruwan Legas na taɓa shi zai kumbura, kuma ba ya gargaɗi kafin ya karye. Ko wanne ka samu, a yanke shi yadda jijiyar katakon za ta bi tsawon allon. In ta gitta, yaro na taka tsakiya zai rabe biyu.

Faɗin allon yana bin faɗin tayoyin ne. Auna daga bayan wannan taya zuwa bayan waccan, galibi za ka samu santimita 11 zuwa 13. Kada allon ya wuce wannan da fiye da santimita 2 ta kowane gefe, ke nan faɗinsa 15 zuwa 17. Na kanti yana kaiwa santimita 20 ne saboda sandar tayarsa doguwa ce. In ka ɗora faffaɗan katako a kan ƙuntatattun tayoyin takalmi, yaro na taka gefe tayoyin ɗaya ɓangaren za su ɗaga ya kife. Tsawo santimita 60 zuwa 65 ya isa. Ja layi ɗaya a tsakiyar katakon daga kai zuwa gindi, ka zagaye kusurwoyi huɗun, ka goge gefuna da sanfefa har hannu ya daina jin kaifi. Sandar tayar gaba ta zauna santimita 10 zuwa 12 daga baki, ta baya ma haka. In ka bar wutsiya ta yi tsawo, duk sanda ƙafar baya ta sauka a kanta gaban allon zai tashi sama.

Ɗora kowane rabi a kan layin tsakiya, ka sa sukwayar kafinta ka tabbatar sandar tayar ta gicciye layin daidai, sannan ka yi alamar hudoji. Karkacewar da ido ba ya gani a nan ita ce ke sa allo ya riƙa janyewa gefe. Wajen ɗauri, ƙusa da sukurun katako duk ba su yi, girgizar hanya tana zare su a hankali. Bol ake sa wa mai ratsa katako da faranti gaba ɗaya, mai kaurin milimita 5, tsawon 35 zuwa 40, mai shafaffen kai da zai nutse ya yi daidai da saman allon. A ƙasa ka sa washa da noti mai zoben roba a cikinsa, wanda ba ya kwancewa da kansa. Bol takwas da noti takwas ne duka, kuma su ka saya sababbi. A duk aikin nan su ne abin da ba mu yarda a tsinto a bola ba, domin su ke riƙe da yaron.

Tsakanin faranti da katako ka shimfiɗa roba mai kaurin milimita 4 zuwa 6, wadda za ka iya yankowa daga gefen tsohuwar tayar mota. Tana rage girgiza, tana kuma ɗaga allon daga tayoyi. Bayan ka ɗaure, shafa alli a kan tayoyin huɗu, ka hau a kan tabarma ka karkata dama da hagu iya ƙarfinka. In ka ga alli a ƙasan katakon, tayar tana taɓa shi ke nan, kuma in hakan ta faru ana cikin gudu tayar za ta ƙame nan take, allo ya tsaya, mahayi ya wuce gaba. Ka ƙwaƙule wurin da allin ya taɓa da magagari kamar milimita 3, ko ka ƙara kaurin robar.

Saman allon kuwa santsi ne abin gudu. Shafa banish hannu biyu a ko'ina, musamman gefuna da cikin hudoji inda ruwa ke shiga. A hannu na uku, tun bai bushe ba, barbaɗa busasshen yashi da aka tankaɗe da rariya, ka bar shi ya kwana, ka kakkaɓe, ka sake bin sa da banish sama-sama. In ka fi so, manna sanfefa mai lamba 60 ko 80 ta yadi, irin ta injin gugar katako, da gam ɗin masu gyaran takalmi. Ta takarda ba ta kai mako a damina.

TAMBAYA: Nawa takalmin irin mai tayoyi huɗu a jere ne, layi ɗaya. Zai yi? Daga wani ɗalibi a Mile 12.

AMSA: Ba zai yi ba, ƙanena. Wannan ba shi da robobin da ke juya sanda, da idon sawu ake sarrafa shi, don haka in ka kafa shi a katako miƙe kawai zai riƙa tafiya. Amma kada ka yar. A cikin kowace taya akwai boris biyu, galibi mai lamba 608, irin wanda allo ke amfani da shi. Taya takwas boris 16 ke nan, allo kuwa takwas yake ci.

TAMBAYA: Tayoyin allon da muka haɗa sun fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, biyu ma sun ƙi juyawa tun da ruwa ya dake su. Wani ya ce in zuba baƙin mai. Daga wani mai sana'ar ɗinki a Idi-Araba.

AMSA: Malam, kada ka zuba. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe, kuma yana kama ƙura, sai ya ƙara cinye boris ɗin. Man da ya dace yana nan a kan kekenka na ɗinki.

Kwance notin taya da sifana mai lamba 13. Zare tayar har boris ɗin ya tsaya a bakin sandar, sai ka karkata tayar a hankali kamar kana buɗe kwalba, zai fito. Duba lambar da ke jikin murfinsa. Mai lamba 608 raminsa milimita 8 ne, faɗinsa 22, kaurinsa 7. Wasu tsofaffin takalma sandarsu milimita 7 ce, su kuma 627 suke ɗauka. Daga waje girmansu ɗaya, shi ya sa ake ruɗewa, amma in ka sa 608 a sanda mai 7 tayar za ta riƙa lilo. Ka tafi da tsohon a aljihu in za ka saya, ko a kasuwar kayan mota ta Ladipo ko wajen masu gyaran injin huda da injin gugar ƙarfe, domin irinsa ne a cikin da yawa daga waɗannan injuna. In an ba ka zaɓi tsakanin mai murfin ƙarfe da aka rubuta ZZ da mai murfin roba da aka rubuta 2RS, ɗauki na roba. Ya fi tare ƙura da ruwa, kuma murfinsa yana ɓamɓaruwa da bakin allura a mayar.

Wanki kuwa, cire murfin, zuba boris ɗin a kwalba mai murfi da kananzir, ka girgiza, ka zubar, ka sake har kananzir ɗin ya fito fes. Shanya su a kan tsumma su bushe sarai, sannan ɗigo biyu na man keke a kowanne. A damina ɗan giris mai laushi ya fi, gudu zai ragu kaɗan amma tsatsa ba za ta samu shiga ba, kuma iskar Legas mai gishiri ba ta raga wa ƙarfe ko ba a yi ruwa ba. Wanda ka wanke ka juya a yatsa ka ji yana tsalle ko yana cijewa, tsatsa ta riga ta ci hanyar ƙwallayen, ba ya dawowa.

In ka buɗe tayar ka ga ƙwallaye a sake, ba a cikin zobe ba, to tsohon tsari ne irin na cibiyar keke. Buɗe shi a kan faranti don kada su watse, ka ƙirga na kowane gefe, galibi takwas ne. Wanda ya ɓata, kai ɗaya wa mai gyaran keke ya gwada maka da nasa. Da giris ake manna su a mayar. Wajen ɗaure noti a kowane tsari, ɗaure har lilo ya ɓace, sannan ka sassauta kaɗan yadda tayar za ta juya da bugu ɗaya na hannu.

TAMBAYA: Allon da na haɗa in na karkata dama sai ya nufi hagu. Na abokina kuma yana bin hanya daidai, amma da ya ɗan yi gudu sai ya kama rawa har ya kayar da shi. Daga wani matashi a Alaba Rago.

AMSA: Naka an juya ƙarafunan ne, na gaba ya koma baya ko kuma duka biyun suna kallon waje. Kwance ka mayar yadda manyan bol ɗin za su kalli juna. In ɗaya ne kawai ya juya, allon ba ya shan kwana sam, sai ya riƙa zamewa gefe. Gwaji kafin hawa: ɗora hannu ka danna gefen dama, ka ga tayoyin gaba sun juya dama, na baya sun juya hagu.

Na abokinka robobinsa ne suka mutu ko aka bar su sake. Robar da ta shekara ashirin a jikin takalmi takan bushe ta tsattsage, ba ta iya mayar da sandar tsakiya. Fara da ɗaure notin babban bol ɗin rabin zagaye, na baya ya fi na gaba ɗauri kaɗan. In sai ka matse har robar ta bulluƙo ta gefen washa kafin ya natsu, ta gama aiki. Wajen masu kayan mota akwai ƙananan robobi zagayayyu da ake sa wa a kan shokabzoba, raminsu kusan milimita 10, babban bol ɗin kuwa yawanci tara da rabi ne, sai ka rage tsawonsu da wuƙa mai kaifi su yi daidai da tsofaffin. Duba kuma ramin da hancin ƙarfen ke shiga. Akwai 'yar roba a ciki, in ta cinye sai ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe. Guntun tiyon fetur na mota, tsawon santimita 1, yana maye gurbinta. Sannan ka gaya masa ya riƙa ɗora nauyinsa a kan ƙafar gaba yana durƙusar da gwiwa. Mai jin tsoro yakan ja jiki baya, kuma wannan ne ke ƙara rawar.

TAMBAYA: Mu a zamaninmu ba a saya mana abin wasa. Da kara da langa-langa da gwangwani muke yin mota, in mun samu boris a gareji kuwa ranar sallah ce. Me zai hana a yi wa yaran nan da boris ɗin mota a huta da neman takalmin gwanjo? Ni ina ganin tattalin nan ne ya ɓace. Daga wani dattijo a Obalende.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka a kan tattali gaskiya ce, kuma duk wanda ya taso a gidajen da ya san ta. Gwangwanin madara in an shanye sai ya koma hannun maƙeri ya fito a fitilar aci-bal-bal. Tsohon tub na mota ya zama guga, tayar kanta a yanka ta takalmi da ke shekara bai ƙare ba, rim ya zama murhun gawayi. Fasassun kwanonin alminiyam a narkar da su a zuba a ƙirar yashi su dawo tukunyar biki. Kwallar da ta huje a kai ta a like, rigar wa ta sauko kan ƙane bayan tela ya rage ta. Sana'ar 'yan gwangwan da 'yan'uwanmu suka riƙe a Legas, daga mai tura kura a lungu har manyan dilolin ƙarfe na Owode Onirin, ci gaban wannan tarbiyyar ce, kuma a wurinsu ne ma ake yawan tsintar tsofaffin takalman nan kafin a ɗora su a sikeli. Sai dai mutanen da sun san inda ake tsimi da inda ba a yi. Gugar ta tsohon tub ce, amma ba wanda ke zura ta rijiya da ruɓaɓɓiyar igiya. Shi ya sa muka ce katako da roba da yashi a nemo na banza, bol da noti a saya.

Boris ɗin mota kuwa yana da wurinsa, wato motar zama. Falanki mai tsawon santimita 80 da faɗin 25, da katako biyu masu kauri 5 da 5 da za su gitta a gaba da baya. A fere bakin kowanne ya zama zagaye daidai ramin boris ɗin. Mai lamba 6204 raminsa milimita 20 ne, 6205 kuwa 25, kuma wannan na biyun ya fi domin katakon da ya shiga cikinsa ya fi kauri, ba ya saurin karyewa. A buga shi ya shiga da ƙyar, a tokare waje da ƙusa. Na baya a ɗaure shi tam da falankin. Na gaba a ratsa tsakiyarsa da bol ɗaya mai milimita 10, a sa washa biyu tsakanin katakan, a ɗaure da noti biyu a kan juna, yaro ya riƙa juya shi da ƙafa ko da igiya. A gefe a kafa sanda mai guntun taya a bakinta ta zama birki. Wannan ita ce motar da kuka sani, kuma har gobe tana koya wa yaro awo da riƙon guduma.

Abin da ba mu ba da shawara ba shi ne a hau boris a tsaye. Ƙarfe ba ya kama siminti, a kwana zamewa yake yi, kuma tsakuwa ƙanƙanuwa tana tsayar da shi cak. Mai zama yana kusa da ƙasa, in ya faɗi ƙujewa ce. Mai tsayuwa da ka ko da hannu yake sauka. Wannan matsalar ce ta sa wasan ya ja baya a Amurka kanta a tsakiyar shekarun 1960, lokacin tayoyin ƙarfe da na yumɓu, har sai da Frank Nasworthy ya kawo tayoyin roba ta yuretan a farkon shekarun 1970, masu kama ƙasa suna haye ƙananan duwatsu. Daga nan ne abin ya bunƙasa har ya shiga gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021. Saboda haka ko takalmin gwanjon ne, in tayoyinsa na ƙarfe ne ko na busasshiyar roba mai ƙara kamar kwano, a canza su.

TAMBAYA: Babansu ya haɗa musu, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Unguwarmu daga kwata sai acaba. Ina ya kamata su hau, kuma me zan saya musu na kariya? Daga wata uwa a Agege.

AMSA: Hajiya, damuwarki a kan hanya take. Titi ba wurin wannan allo ba ne, ko da na cikin unguwa ne, domin ba shi da birki sai ƙafar mahayi. Abin nan da wasu samari ke yi na kama bayan danfo ko tifa tana jan su, ki yi musu kashedi a kansa da babbar murya: direba bai san da su ba, kuma rami ɗaya ya isa. A nema musu shimfiɗaɗɗen siminti marar gangara, kamar filin makaranta ranar da ba karatu in an nemi izini, ko tsakar gida. A harabar babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere masu takalmi mai taya da masu allo sun saba taruwa, kuma yaro yana koyo da sauri in yana ganin waɗanda suka iya. A share wurin da tsintsiya kafin a fara, kuma kada a hau a jiƙaƙƙen wuri.

Hular kwano ita ce farko, wadda ta zauna daidai kan yaron, ta rufe goshi, aka ɗaure igiyarta a haɓa. Ta masu keke ta fi ta babur sauƙi ga ƙaramin yaro. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ko ta tsage, ko a gwanjo aka ganta da araha, a bar ta. Bayanta sai kariyar wuyan hannu, domin mai faɗuwa hannu yake fara kaiwa ƙasa, sannan ta gwiwa. Takalmi ya zama kambas mai shafaffen ƙasa, ban da silifa, ban da ƙafa tsirara, kuma doguwar riga a naɗe ta ko a cire. Abin da za su fara koya shi ne tsayawa: nauyi a ƙafar gaba, a sauke ta baya a hankali tafinta ya riƙa gogar ƙasa. Wanda bai iya wannan ba kada ya je gangara.

In yaro ya faɗi wuyan hannu ya kumbura ko ya kasa juya shi, a ɗaure da ɗan katako a kai shi a ɗauki hoto kafin kowa ya ja hannun, domin ƙashin yara yana da wurin girma kusa da gaɓa wanda in ya haɗe a karkace yakan bar nakasa. Asibitin ƙashi na Igbobi yana nan don irin wannan. In kai ya bugu sai amai ya biyo baya, ko yawan barci, ko ruɗewa, asibiti nan take. Yankan tsohon ƙarfe kuma a wanke da ruwa da sabulu, a tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.

TAMBAYA: Yaya ake lanƙwasa wutsiyar allon ta ɗaga sama kamar na kanti? Na jiƙa filawud a ruwan zafi sai ya ɓare. Daga wani mai koyon kafinta a Ijora.

AMSA: Zai ɓare, domin ruwan zafin gam ɗin da ke tsakanin fallayen ya kashe. Na kanti ba lanƙwasa shi ake yi bayan an gama ba. Falle bakwai ne na katakon mapul sirara ake shafa wa gam a matse su a cikin ƙira, su bushe da siffar. Kai ma haka za ka yi da abin da ke hannunka. Samu filawud siriri mai milimita 4, ka yanka falle uku ko huɗu, duka jijiyarsu ta bi tsawo. Shafa farin gam na kafinta irin Top Bond a duk fuskar da za ta haɗu da wata, ka baza shi da guntun kwali kada ka bar busasshen wuri. Jera su a kan benci mai ƙwari, ka tura katako mai kaurin santimita 3 a ƙarƙashin ƙarshen wutsiyar. Santimita 13 daga wannan ƙarshen, gitta wani katako mai kauri a sama ka matse shi da benci da kilam biyu har fallayen su kwanta, sannan ka matse sauran jikin, da ita wutsiyar kanta don bakinta kada ya buɗe. Yi sauri, farin gam yana fara kamawa cikin kamar minti goma a zafin nan. In ka ga gam yana tsattsafowa ta gefuna ko'ina, matsin ya isa. Bar shi awa 24 a matse, a damina kwana biyu, kuma sai bayan ka kwance za ka zana siffar ka yanka, domin fallayen sukan ɗan goce wa juna wajen matsi. Zai ɗan saki kaɗan bayan an kwance, shi ya sa ake sa katakon ƙasan ya fi tashin da ake so. Farin gam ba ya son ruwa, don haka gefunan nan su sha banish hannu uku.

In wannan ya yi maka yawa, fere katako mai siffar weji, tsawon santimita 12 da tashin 2, ka manna a saman wutsiyar da gam, ka ƙara sukuru biyu ta ƙasa. Ƙafar baya za ta samu abin tokarawa. Ka sani dai farantin takalmi da aka yanka biyu ba a yi shi don tsalle da dira ba, na yawo ne da shan kwana. In tsalle kake so ka koya, allon da ka manna zai ɗauka, amma ƙarafunan ƙasa sai ka nemi na allo na ainihi, waɗanda hudojinsu huɗu ke da tazarar milimita 41 a faɗi da 54 a tsawo, kuma a lokacin sai ka faɗaɗa allon ya kai santimita 20.